Wa Ke Ba Zuciya Umarnin Bugawa?

A shekarar 1924 wani likita ɗan Masar mai suna Muhyiddin al-Tatawi, wanda ya je ƙaro karatu Jamus, ya ci karo da wani tsohon littafin Larabci rubutun hannu a ɗakin karatu na birnin Balin. Sharhi ne a kan sashen ƙirar jiki na Alƙanun, babban littafin Ibn Sina. Mai sharhin kuwa shi ne Ibn al-Nafis, likita kuma malamin fiƙihu ɗan mazhabar Shafi'iyya, wanda ya yi karatu a Dimashƙu, ya yi aiki a Alƙahira har ya rasu a can a 1288. Abin da ke cikin littafin ya tilasta wa masana gyara yadda suke ba da tarihin zuciya.

Kafin Ibn al-Nafis an yi wajen shekara 1,000 ana tafiya a kan maganar Jalinus, babban likitan nan Bagirke na daular Rum. A wurin Jalinus hanta ce ke mayar da abinci jini, jinin ya bazu cikin jiki, gaɓoɓi su shanye shi, hanta ta ƙago wani. Ya kuma ce wani ɓangare na jinin yana tsatsowa daga ɗakin zuciya na dama zuwa na hagu ta wasu ƙananan hudoji da ke jikin bangon da ya raba su. Babu wanda ya taɓa ganin hudojin nan, amma girman malamin ya hana a yi masa musu. Ibn al-Nafis ya yi. Ya rubuta cewa bangon mai kauri ne, ba shi da huda ko ta fili ko ta ɓoye, saboda haka dole jinin ya bi ta huhu, ya haɗu da iska, sannan ya komo ɗakin hagu. Ya ƙara da cewa tsokar zuciya tana samun abincinta ne daga jijiyoyin da suka ratsa jikinta, ba daga jinin da ke cikin ɗakinta ba. Duka biyu ya yi daidai. A Turai sai bayan shekara 300 aka ji irin wannan bayani, daga Michael Servetus a 1553 da Realdo Colombo a 1559.

Wanda ya rufe zoben shi ne William Harvey, likita ɗan Ingila da ya yi karatu a Padua ta Italiya a hannun Fabricius, malamin da ya yi bayanin 'yan ƙofofin da ke cikin jijiyoyin jini. Harvey ya ga zuciyar kare tana bugu da saurin da ido ba ya iya bi, sai ya koma ga kwaɗi da macizai da kifaye, masu bugu a hankali, da kuma zukatan dabbobin da suka kusa mutuwa. A nan ya ga cewa aikin zuciya matsewa ne, ba zuƙowa ba, kuma ɗakunan sama biyu ke fara matsewa kafin na ƙasa. Daga nan ya yi lissafi. Ya ɗauki ƙiyasi mafi ƙanƙanta na jinin da ke fita a bugu ɗaya, ya ninka da yawan bugu na rabin sa'a, ya sami adadin da ya wuce duk jinin da ke jikin mutum. Babu hantar da za ta iya ƙago wannan. Ke nan jini ɗaya ne yake zagayawa. Littafin nasa ya fito a Frankfurt a 1628, shafi 72 kacal. Abu ɗaya ne bai gani da idonsa ba, wato siraran hanyoyin da jini ke bi ya tsallaka daga jijiyar fita zuwa ta komowa. Marcello Malpighi ne ya gan su da madubin likita a huhun kwaɗo a 1661, shekara 4 bayan rasuwar Harvey.

Alƙaluman yau sun gaskata shi: a bugu ɗaya ɗakin hagu na ƙasa kan tura kimanin mililita 70, wato kusan lita 5 a minti ɗaya ga babban mutum da ke hutawa, kuma wannan shi ne kusan duk jinin jikinsa. Ɗakin dama huhu kawai yake kai wa, da matsi na wajen 25 a ma'aunin hawan jini. Na hagu kuwa jiki duka yake kai wa, da matsi na wajen 120, shi ya sa bangonsa ya ninka na dama kauri kusan sau uku. Ƙofofi huɗu masu buɗewa ta fuska ɗaya ke hana jinin komawa baya, kuma rufewarsu ce sautin nan biyu da likita ke saurara a ƙirji.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. An san famfo ce, ba a san abin da ke tayar da ita ba. Harvey ya bar wata alama da ba a fahimta ba a lokacin: ya lura cewa idan zuciya tana mutuwa, ɗakin sama na dama ne ke zama na ƙarshe wurin daina motsi.

Maganar lantarki ta shigo ne ta ƙafar kwaɗo. A 1791 Luigi Galvani na Bologna ya wallafa bincikensa a kan yadda tsokar kwaɗo ke zabura da lantarki. A 1856 Kölliker da Müller, a birnin Würzburg, suka ɗora jijiyar ƙafar kwaɗo a kan zuciya mai bugawa, sai ƙafar ta riƙa harbawa tare da kowane bugu. Ashe zuciya da kanta tana fitar da lantarki.

Sai gardama ta kaure, ta yi shekaru: shin jijiyoyin da ke kawo saƙo ne ke tayar da bugun, ko tsokar ce da kanta? Wasu 'yan'uwa biyu masu suna Weber sun nuna a 1845 cewa akwai jijiyar da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa tana rage wa zuciya gudu. A 1852 Hermann Stannius ya ɗaure zuciyar kwaɗo da zare daga can sama, sashen da ke sama da ɗaurin ya ci gaba da bugu, na ƙasa ya tsaya. Da ya sake ɗaurewa tsakanin ɗakin sama da na ƙasa, sai na ƙasan ya farfaɗo da nasa bugun, amma a hankali. Walter Gaskell na Kambirij ya ɗauki aikin a 1883 da zuciyar kunkuru. Ya riƙa yanka tsokar da ke sada sama da ƙasa kaɗan-kaɗan, sai ɗakin ƙasa ya koma amsa bugu ɗaya cikin biyu, sannan ɗaya cikin uku, har ya daina amsawa. Hukuncinsa shi ne saƙon ta cikin tsoka yake tafiya, kuma sashen da ya fi sauri shi ke jan ragamar sauran.

A wannan shekarar ce kuma Sydney Ringer, a Landan, ya gano cewa zuciyar kwaɗo ba ta matsewa sai da sinadarin kalsiyam. Ya gano haka ne bayan ya fahimci cewa ruwan famfo aka riƙa haɗa masa ruwan gishirin gwaji da shi maimakon tataccen ruwa, kuma ruwan famfon na ɗauke da kalsiyam. Bai ɓoye ba, ya wallafa gyaran. Ruwan da ake ƙara wa majinyata a asibitocinmu mai ɗauke da sunan Ringer daga wannan aiki ya samo asali.

Saura a ga hanyar da ido, a zuciyar mutum. A nan ne nake ganin ba a biya Sunao Tawara haƙƙinsa a bakin mutane ba. Tun 1839 Jan Purkinje ya ga wasu zaruruwa masu launin toka a cikin zuciyar tumaki, bai san aikinsu ba. A 1893 Wilhelm His ƙarami ya ga wani damin tsoka guda da ke tsallaka iyakar sama da ƙasa. Kowa da guntunsa. Tawara, matashin likita ɗan Japan, ya zo Marburg a 1903 wurin Ludwig Aschoff, ya zauna yana yanka zukata salo-salo, siraran da haske ke ratsawa, yana bin zare ɗaya daga wannan yanki zuwa na gaba a ƙarƙashin madubi. Cikin littafinsa na 1906 ya nuna cewa damin His yana tasowa daga wani ɗan ƙulli a gindin ɗakin sama na dama, ya gangara ta bangon tsakiya, ya rabu reshe biyu, rassan su ƙare da zaruruwan nan na Purkinje. Hanya ɗaya ce tun daga farko har ƙarshe.

Muhimmancin wannan ya wuce sunayen sassa, domin a nan ne labarin lantarki ya haɗu da labarin famfo. Ɗakunan sama da na ƙasa a rabe suke da wani faifai na nama mai tauri da ba ya wuce da lantarki, don haka ƙullin Tawara ne kaɗai mashiga. A cikinsa saƙon kan yi jinkiri na kimanin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Wannan ɗan jinkiri shi ke ba ɗakunan sama damar gama juye jininsu kafin na ƙasa su matse. Da saƙon ya wuce kuma sai ya sheƙa da gudu ta bangon tsakiya zuwa tsinin zuciya, matsewar ta taso daga ƙasa zuwa sama, ta kora jinin zuwa manyan jijiyoyin fita da ke can sama. Da a ce saƙon ya kwararo kai tsaye daga sama, da an matse jinin zuwa inda babu mafita.

Mafarin bugun ne ya rage. Arthur Keith da ɗalibinsa Martin Flack suna bin sawun Tawara a wani gidan gona a yankin Kent, sai Flack ya ga wani ɗan gungu na daban a zuciyar wata 'yar dabba mai zaman rami, daidai inda babbar jijiyar sama ke shiga ɗakin sama na dama. Suka same shi a sauran dabbobi da mutum, suka wallafa a 1907. Wurin nan yana cikin ɗakin nan ne da Harvey ya ce shi ke mutuwa daga ƙarshe. Wannan ƙulli kan tayar da bugu 60 zuwa 100 a minti. In ya gaza, ƙullin Tawara ya karɓa da 40 zuwa 60. In shi ma ya gaza, zaruruwan ƙasa su riƙe da 20 zuwa 40, kamar yadda waziri kan riƙe gari in sarki ya faɗi.

Duk wannan a kan teburin fiɗa aka gani. Yadda za a karanta shi a jikin mai rai wani aiki ne daban. Augustus Waller ya fara ɗaukar lantarkin zuciyar mutum a asibitin St Mary's na Landan a 1887, amma zanen ya fito a dagule. Willem Einthoven na Leiden a Holan, wanda aka haifa a tsibirin Java a 1860, ya ƙera na'ura mai siririn zare da aka shafe da azurfa, a miƙe tsakanin manyan maganaɗisu. Nauyinta ya kai kilo 270, sai mutum biyar ke sarrafa ta, wanda ake aunawa kuma ya tsoma hannuwa da ƙafa cikin bokitan ruwan gishiri. Tunda ba ta ɗaukuwa, a 1905 ya haɗa ta da asibiti ta wayar tarho mai tsawon kilomita ɗaya da rabi. Shi ya raɗa wa tudun zanen haruffan da likitoci ke amfani da su har yau a takardar ECG: P lantarkin ɗakunan sama, QRS na ɗakunan ƙasa, T lokacin da tsokar ke sake shiri. Ɗan filin da ke tsakanin P da QRS shi ne jinkirin ƙullin Tawara, a rubuce. An ba Einthoven lambar Nobel a 1924.

A ɓangaren ƙarfin matsewa, Otto Frank a 1895 da Ernest Starling a 1914 sun nuna cewa gwargwadon jinin da ya cika ɗaki ya miƙar da tsokarsa, gwargwadon ƙarfin da za ta matse. Wannan ne ke sa dama da hagu su riƙa tura jini daidai wa daida ba tare da wani ya auna musu ba.

Da aka san hanyar, sai aka fara gyara ta. A 1947 Claude Beck na Cleveland ta Amurka ya dawo da zuciyar wani yaro ɗan shekara 14 da ta rikice ana tsakiyar tiyata, ta hanyar jona mata lantarki. A 1952 Paul Zoll na Boston ya riƙe bugun majinyaci da na'ura daga wajen ƙirji. Ranar 8 ga Oktoba 1958, a asibitin Karolinska na Suwidin, likita Åke Senning ya dasa wa Arne Larsson na'urar daidaita bugu da Rune Elmqvist ya ƙera. Hanyar saƙon Larsson ta toshe, yana ta suma sau da yawa a rana. Na'urar farko ta mutu bayan 'yan sa'o'i, aka sa ta biyu. An canja masa fiye da 20 a tsawon rayuwarsa, ya kuma kai 2001, yana da shekara 86, bayan likitan da maƙerin duk sun riga shi.

Wata hujja kuma a kan tsohuwar gardamar tsoka da jijiya daga Afirka ta Kudu ta zo. Ranar 3 ga Disamba 1967, a asibitin Groote Schuur na Cape Town, Christiaan Barnard ya dasa wa Louis Washkansky zuciyar wani mutum daban. A irin wannan aiki ana yanke duk jijiyoyin da ke sada zuciya da ƙwaƙwalwa, ba a kuma ɗinke su. Duk da haka ta yi ta bugu har kwana 18, ciwon huhu ne ya yi ajalinsa. Waɗanda aka yi wa dashe a yau zuciyarsu kan buga wajen 90 zuwa 110 a minti ko suna zaune, domin jijiyar da 'yan'uwan Weber suka gano ba ta nan balle ta ja mata linzami. In za su motsa jiki kuma likitoci kan umarce su da su fara a hankali, saboda sai sinadarin adirenalin ya iso ta cikin jini kafin bugun ya ƙaru.