Biyan kuɗi don kare dazuzzuka: wa ke cin moriya, wa ke asara?

Tun shekara ta 2005 ake tattaunawa a tarukan Majalisar Ɗinkin Duniya a kan shawarar cewa ƙasashe masu arzikin masana'antu su riƙa biyan ƙasashe matalauta kuɗi domin su daina sare dazuzzukansu. An tsara shirin ne domin manyan kurmi irin na Amazon da na Kongo da na Indonesiya. Sai dai kuma a yanzu cinikin ya fara leƙowa yankin Sahel, abin da ya sa batun ya shafi hatta manoma da makiyaya na wurare irin su Masanawa, a ƙaramar hukumar Kabo da ke yammacin jihar Kano.

Mene ne tushen shirin?

Itace yana zuƙar iskar kabon daga sararin samaniya ya adana ta a jikinsa. Idan aka sare shi aka ƙona, iskar ta koma sama, ta ƙara ɗumamar yanayi. Masana kimiyya sun ƙiyasta cewa sare dazuzzuka na haddasa kimanin kashi 10 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya.

Yarjejeniyar Kyoto ta 1997 ba ta tanadi lada ga ƙasar da ta bar dajinta a tsaye ba. Saboda haka ne ƙasashen Papua New Guinea da Costa Rica suka gabatar da shawarar a taron Montreal na 2005. Taron Bali na 2007 ya amince a ci gaba da ita, kuma daga baya shirin ya shahara da sunan REDD+. Yarjejeniyar Paris ta 2015 ta ƙara tabbatar da shi.

Ta yaya ake biyan kuɗin?

Hanyoyi biyu ne. Ta farko tsakanin gwamnati da gwamnati. Ƙasar Norway ce kan gaba a nan: a 2008 ta yi alkawarin bai wa Brazil kuɗin da ya kai dala biliyan 1, sannan ta yi wa Indonesiya alkawarin irin wannan adadi a 2010. Ana auna yawan dajin da ake sarewa ta hotunan tauraron ɗan'adam, a biya gwargwadon raguwar da aka samu.

Hanya ta biyu ita ce kasuwa. Wani kamfani zai ƙulla yarjejeniya a kan wani daji, ya lissafa iskar da zai hana fita, ya sayar da takardun shaida. Kowace takarda tana matsayin tan ɗaya na iskar kabon. Kamfanonin mai da na jiragen sama kan saye su domin su ce sun rama ɓarnar da hayaƙinsu ya yi.

A nan ne ake yawan samun taƙaddama, domin lissafin ya dogara ne a kan hasashen abin da zai faru da a ce ba a yi shirin ba. Idan aka zuzuta haɗarin da dajin ke ciki, takardun za su yi yawa ba tare da an ceci itace ko ɗaya ba. A watan Janairun 2023 jaridar Guardian ta Birtaniya da Die Zeit ta Jamus suka buga wani bincike da ya ce fiye da kashi 90 cikin 100 na takardun kurmin da hukumar Verra ta amince da su ba su rage hayaƙin da aka yi iƙirari ba. Verra ta musanta sakamakon binciken.

Ina matsayin mazauna dajin?

Babbar matsalar ita ce ta mallaka. A yawancin ƙasashen Afirka daji na gwamnati ne a takarda, ko da kuwa wata al'umma ta gaje shi kaka da kakanni. Da zarar dajin ya zama abin kawo kuɗi, mai takarda shi ke karɓa, mazauna kuma su ake ɗora wa dokar hana sara da farauta da kiwo.

A Kenya, Tarayyar Turai ta dakatar da wani tallafin kare muhalli a watan Janairun 2018 bayan an harbe wani ɗan ƙabilar Sengwer a dajin Embobut, yayin da ma'aikatan gandun daji ke korar jama'a. Haka kuma kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Afirka da ke Arusha ta yanke hukunci a 2017 cewa an tauye haƙƙin 'yan ƙabilar Ogiek a dajin Mau, amma duk da haka an sake rushe musu gidaje a ƙarshen 2023.

Taron Cancun na 2010 ya gindaya sharuɗɗan mutunta haƙƙin 'yan asalin wuri da kuma sanya su cikin shawara. Kafin nan, a 2007, Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙudurin kare haƙƙin irin waɗannan al'ummomi, wanda ya ce sai da yardarsu za a taɓa ƙasarsu. Najeriya da Kenya suna cikin ƙasashe 11 da suka ƙaurace wa ƙuri'ar.

Akwai kuma ƙoƙarin gyara. A taron Glasgow na 2021 wasu ƙasashe da gidauniyoyi sun yi alkawarin dala biliyan 1.7 domin tabbatar wa 'yan asalin dazuzzuka mallakar ƙasarsu. A taron Belem na 2025 Brazil ta ƙaddamar da wani sabon asusun kare kurmi, wanda ya tanadi cewa aƙalla kashi 20 cikin 100 na abin da za a biya ya tafi ga waɗannan al'ummomi.

Abin da ya faru a Kuros Riba

Mafi yawan kurmin da ya rage a Najeriya yana jihar Kuros Riba, kuma can aka fara gwada shirin. A 2008 gwamna Liyel Imoke ya haramta sare katako a faɗin jihar, aka kuma kafa runduna ta musamman domin aiwatar da dokar. A 2011 shirin Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da bai wa Najeriya dala miliyan 4 domin share fage.

Kuɗin share fage kan tafi ne ga auna daji da horar da ma'aikata da shirya taruka. Mutanen ƙauyuka da dama sun koka cewa an toshe musu hanyar samun abinci ba tare da diyyar da suka sa rai ba, yayin da manyan masu fasa-ƙwaurin katako suka ci gaba da harkarsu. A 2023 gwamna Bassey Otu ya janye haramcin.

Me ya haɗa Masanawa da wannan batu?

Babu kurmi a ƙasar Gwarzo da Kabo. Arzikin itatuwan yankin a cikin gonaki yake: ɗorawa da kuka da tsamiya da kaɗanya da gawo, waɗanda manoma suka bari da gangan. Daga ɗorawa ake samun kalwar daddawa, daga kuka ake samun miya, daga kaɗanya kuma man kaɗe, kuma mata ne suka fi riƙe da wannan sana'a. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero da dawa inuwa, da rani kuma ya ciyar da dabbobi.

Irin waɗannan itatuwa su ma suna adana iskar kabon, kuma ana iya lissafa su a sayar. Shirin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, yana da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 da adana tan miliyan 250 na kabon zuwa 2030. Kano na cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin ya shafa. A ƙarshen 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin arewa 19 da Abuja.

Tambayar da ta dami mutanen Mau da Kuros Riba ita ce za ta taso a nan: na wa ne itacen? Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma idan aka karɓe gona, diyyar amfanin gona da gine-gine ake biya, ban da ƙasar kanta. A al'adar ƙasar Hausa kuwa, mai gona daban yana iya kasancewa da mai itacen da ke cikinta, ga mai aro da mai jingina, ga matan da ke tsintar kalwa, ga Fulanin da ke bin burtali suna sassabe wa shanu ganye. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu da mutum ɗaya tana iya yanke wa sauran duka hanyar abinci.

Gandayen dajin gwamnati ma suna da masu neman su da yawa. Dajin Dansoshiya da ke ƙaramar hukumar Kiru, kudu da Kabo, shi ne gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ware domin tsugunar da makiyaya. Duk wani shirin killace irin wannan daji domin cinikin kabon sai ya fayyace makomar waɗanda ke kiwo a cikinsa.

Darasi daga Maraɗi

A Jamhuriyar Nijar, dokar daji da aka gada daga Turawan Faransa ta mayar da muhimman itatuwa mallakar hukuma, har manomi kan biya tara idan ya sassabe itacen gonarsa. Sakamakon haka mutane suka riƙa tumɓuke tsiro tun yana ƙarami. Daga 1983 wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara aiki da manoman Maraɗi a kan renon tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture. Da hukuma ta sassauta, manoma suka tabbata itacen nasu ne, sai aikin ya bazu. Dokar daji ta 2004 ta ƙara ƙarfafa wannan haƙƙi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin ƙasar, akasari da ƙarfin manoman kansu.

Keɓe fili domin amfanin jama'a tsohon abu ne a wannan yanki, inda garuruwa ke da hurumi da makiyaya. Littattafan hadisi sun kawo cewa lokacin da Halifa Umar ya keɓe wata makiyaya, ya umarci mai gadinta da ya bar masu 'yan dabbobi kaɗan su shiga, ya hana garken attajirai, domin su suna da gonakin da za su koma wa.

Masu fafutukar kare haƙƙin manoma na ba da shawarar cewa kafin dagaci ko mai gona ya sa hannu a kan irin wannan yarjejeniya, ya nemi a karanta masa ita da Hausa a gaban jama'a, a bayyana shekarun da za ta ɗauka, da abin da za a hana yi, da kason da zai zo wa gari, da kuma inda za a kai ƙara idan aka saɓa alkawari. Yarjejeniyoyin kabon kan ɗauki shekara 30 ko fiye, wato 'ya'ya da jikoki ne za su rayu da sharuɗɗan da aka amince da su a yau.