Katsina Zuwa Jidda: Sarkin Da Ya Bi Ta Ingila

Duk shekara in jigilar alhazai ta kama, maniyyatan Kankiya da Kusada kan tambayi nisan tafiyar. Daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua zuwa Jidda kusan kilomita 3,500 ne a miƙe, wato awa biyar ko sama kaɗan. Sai dai wannan lissafin taswira ne. Tun da can, masu mulkin ƙasashen da ke tsakani su ne ke gajarce hanyar ko su tsawaita ta.

Kakanninmu sun bi ta Barno, Wadai da Darfur har Sawakin, a ƙafa da jakuna. Mutum ya tsaya ya yi noma damina guda, ya tara guzuri, ya ƙara gaba. Ana yin shekaru, kuma da yawa sun yada zango a Sudan ba su koma ba. Sai ga Sarkin Katsina Muhammadu Dikko a 1921 ya juya wa gabas baya. Ya yi kudu zuwa Legas, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, ya gana da Sarki George na Biyar, sannan ya doshi Jidda ta teku. Hanyar ta ninka ta ƙasa tsawo, amma cikin watanni ya dawo gida Alhaji.

Masu sukarsa na cewa Turawa ne suka tsara tafiyar don su nuna masa ƙarfin daularsu, kuma ai su suka ɗora shi a 1906 bayan tuɓe Sarki Yero. Ba a musun haka. Tun da Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas da jama'a aka kashe shi a Burmi a 1903, Turawa ke kallon hanyar Sudan a matsayin ƙofar Mahadiyya, kuma ba za su so sarki mai sanda ya ratsa ta ba. Amma wannan bayanin ya mai da Dikko ɗan rakiya, abin da halinsa bai nuna ba. Wane sarki ne zai bar gadonsa shekara uku ya dawo ya tarar da shi? Mutumin da ya san yadda ya hau ya san yadda ake sauka. Teku ce kaɗai za ta kai shi Makka ta dawo da shi kan karaga, shi ya sa na fi yarda cewa bukatar ɓangarorin biyu ce ta haɗu.

Daga baya su Mahmud Ɗantata suka kafa kamfanin jigilar alhazai na WAPA a Kano a 1948, motoci suka karɓi hanyar Sudan, jirgin sama ya karɓe daga hannunsu. Ko shi ma bai tsira ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai jiragen alhazanmu suka koma zagaye, kamfanoni kuma suka nemi ƙarin kuɗin kujera.