Yaƙin Hakimai na Farko a Ingila

Yaƙin Hakimai na Farko yaƙin basasa ne tsakanin Sarki John na Ingila da manyan hakimansa, daga 1215 zuwa 1217. Tun 1204, da Normandi ta suɓuce masa zuwa hannun Faransa, John ya dinga tatsar hakimai haraji domin ƙwato ta, har magajin hakimi sai ya biya kuɗi masu nauyi kafin ya gaji ƙasar ubansa. Kayen da ɓangaren John ya sha a hannun Faransa a yaƙin Bouvines a 1214 ya sa tura ta kai bango.

Hakiman suka kama Landan, suka tilasta masa amincewa da yarjejeniyar Magna Carta a Runnymede a Yunin 1215. Fafaroma Innocent III ya soke ta a Agusta, yaƙi ya ɓarke. John ya mutu a Oktoban 1216, ɗansa Henry ɗan shekara 9 ya gaje shi.