Asalin Duma

Cikin tsirrai da Allah Ya hore wa mutanen Zamfara, da wuya a sami wanda ya kai duma daɗewa da daraja. Dattawa da malamai sukan kai asalinsa ga Annabi Yunusa, Alaihis Salam. Sa'ad da kifi ya amayo shi a bakin teku, jikinsa ya yi laushi, ko rana ba ya iya jimrewa, sai Allah Ya tsirar masa da wani tsiro mai yaɗo ya lulluɓe shi. Yana kwance a inuwarsa har ƙarfi ya komo masa. Labarin yana cikin Suratus Saffat, aya ta 146.

Masu tafsiri sun saɓa a kan tsiron. Wasu sun ce kabewa ce, wasu kankana, har akwai masu cewa ayaba. Ni dai na fi karkata ga dangin duma, don ganyensa faffaɗa ne, kuma yana saurin yaɗuwa. Marar lafiya da ke kwance a rairayi ba ya iya jiran ayaba ta girma.

Masana na zamani kuwa sun ce Afirka ce mahaifar duma, daga nan ya bazu har ya kai Amurka kimanin shekara 10,000 da suka wuce, mai yiwuwa ruwan teku ne ya kwashe shi. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya taɓa ganin masunci ya kifa ciki a kan gora yana ratsa gulbi.

A nan yammacin Zamfara, ƙasar Gummi ce ta yi suna da nomansa. Idan duma ya ƙosa aka yanke, sai a fafe shi, a kwashe cikin mai ɗaci, a kankare, a shanya. Kowane iri da aikinsa. Masaki na awon hatsi da wankin tsaba, ƙwarya ta fura da nono, ƙoƙo na shan ruwa, ludayi na damu. Gora abokin matafiyi ne, shi ya sa ake cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Zunguru amarya ke zura hannu a ciki in an ƙunsa mata lalle, shantu kuwa na kiɗan mata ne a cikin gida. Ko ƙwarya ta tsage ba a yar da ita, sai a kira gyartai ya ɗinke. In ta fashe sarai, a fitar da mara ta kwasar tuwo.

Yau roba da kwanon silba sun cika kasuwannin Anka da Bukkuyum, sana'ar gyartai tana ta ja da baya. Abin takaici ne yaro ya tashi a ƙasar duma bai san bambancin masaki da ƙoƙo ba.