Kiɗan na'ura a Kanada: yadda mawaƙa masu cin gashin kansu ke tasowa

Kanada na daga cikin ƙasashen da suka yi fice wajen fitar da mawaƙan da ke haɗa waƙoƙin zamani na pop da kiɗan na'ura, ba tare da sun jingina da manyan kamfanonin faifai na duniya ba, wato Universal da Sony da Warner.

Irin waɗannan mawaƙa su ake kira masu cin gashin kansu. Galibinsu da kansu suke rubuta waƙa, su tsara kiɗanta da kwamfuta da fiyano, su ɗauki muryarsu, sannan su miƙa wa wani ƙaramin kamfani ya rarraba, ko kuma su sake ta a intanet.

To sai dai wannan cin gashin kai ya daɗe yana dogaro da abubuwa uku: tallafin hukuma, da arahar kayan aiki da wurin zama, da kuma kasuwar ƙasashen waje. Dukkan ukun sun soma sauyawa a 'yan shekarun nan, abin da ya shafi makomar mawaƙa masu tasowa.

Asalin kiɗan

Kiɗan na'ura ba baƙon abu ba ne a Kanada. Tun a shekarun 1940 wani masanin kimiyya mai suna Hugh Le Caine ya ƙera wata na'urar haɗa sauti a birnin Ottawa, wadda ake lissafa ta cikin na farko-farko a duniya.

A shekarar 1982 ƙungiyar Men Without Hats ta birnin Montreal ta fitar da waƙar The Safety Dance, wadda aka gina a kan sautin na'ura, ta kuma karɓu a Amurka da Turai.

Amma a wancan lokaci kayan aiki na da tsada, kuma sai mawaƙi ya biya kuɗi mai yawa kafin ya shiga situdiyo. Sai a farkon shekarun 2000, da kwamfutar tafi-da-gidanka da manhajojin haɗa kiɗa suka yi araha, sana'ar ta buɗe wa mai ƙaramin ƙarfi.

Doka da tallafi

Al'ummar Kanada ta kai miliyan 40 a shekarar 2023, yayin da maƙwabciyarta Amurka ke da mutane fiye da miliyan 330, kuma akasarin 'yan ƙasashen biyu harshe ɗaya suke ji. Wannan ne ya sa hukumomin Kanada suka daɗe suna fargabar kada waƙoƙin Amurka su mamaye gidajen rediyon ƙasar baki ɗaya.

A shekarar 1971 hukumar kula da kafafen watsa labarai ta ƙasar, CRTC, ta wajabta wa gidajen rediyon AM cewa kashi 30 cikin ɗari na waƙoƙin da suke sanyawa su kasance na cikin gida. An ɗaga adadin zuwa kashi 35 ga gidajen rediyon kasuwanci a ƙarshen shekarun 1990.

Ana ɗaukar waƙa a matsayin ta gida idan ta cika biyu daga cikin sharuɗɗa huɗu: ɗan Kanada ne ya tsara kiɗan, ko shi ya rubuta baitocin, ko shi ya rera, ko kuma a cikin ƙasar aka ɗauke ta.

Bugu da ƙari, a shekarar 1982 an kafa gidauniyar FACTOR, wadda ke bai wa mawaƙa da ƙananan kamfanoni kuɗin ɗaukar faifai da na yawon wasa. Kuɗinta na fitowa ne daga gwamnatin tarayya da gidajen rediyo masu zaman kansu. Masu waƙa da Faransanci kuwa suna da tasu gidauniyar mai suna Musicaction tun 1985.

Wasu ƙananan mawaƙa dai na kukan cewa gidajen rediyon kasuwanci kan cike kason nasu ne da waƙoƙin waɗanda suka riga suka shahara. Saboda haka sababbin shiga sun fi dogaro da rediyon jami'o'i da na al'umma, da kuma gidan rediyon ƙasa na CBC.

Jihar Ontario

Daga jihar Ontario ne wasu daga cikin jagororin wannan salo suka fito. Ƙungiyar Junior Boys ta garin Hamilton, wanda aka fi sani da masana'antun ƙarafa, ta fitar da kundinta na farko mai suna Last Exit a 2004.

Dan Snaith, ɗan garin Dundas da ke kusa da nan, wanda ya yi digirin digirgir a fannin lissafi a Landan, ya yi suna da laƙabin Caribou. Kundinsa Swim ne ya fara lashe kyautar Juno ta kundin kiɗan na'ura, lokacin da aka ƙirƙiro wannan rukuni a 2011.

A wannan shekara ce kuma ƙungiyar Austra ta birnin Toronto ta fitar da Feel It Break, ƙarƙashin jagorancin Katie Stelmanis, wadda ta sami horo a waƙar opera tun tana ƙarama.

Zamanin Montreal

Birnin da ya fi jan hankalin duniya shi ne Montreal, a jihar Quebec. A shekarun 2000 kuɗin haya a can bai kai na Toronto da Vancouver ba, kuma akwai tsofaffin ɗakunan masaƙu da na ajiyar kaya da matasa suka mayar wuraren kwana da na wasa, musamman a unguwar Mile End da kewayenta.

Bikin kiɗan na'ura na MUTEK, da aka fara a 2000, da na POP Montreal, da aka fara a 2002, sun ba su dandalin nuna kansu.

A irin wannan yanayi ne aka kafa ƙaramin kamfanin Arbutus Records a 2009. Shi ne ya fito da Claire Boucher, wadda aka fi sani da Grimes, 'yar Vancouver da ta je Montreal karatu a Jami'ar McGill.

Ta ɗauki kundinta Visions ne a ɗakinta cikin kimanin makonni uku, da manhajar GarageBand. Kundin ya fito a 2012 da haɗin gwiwar kamfanin 4AD na Birtaniya, ya kuma lashe kyautar Juno a 2013.

Shi dai wannan kamfani na 4AD shi ne ya fitar da Shrines, kundin farko na Purity Ring, 'yan birnin Edmonton, a 2012. Wannan na nuna hanyar da da yawansu suka bi: su tashi a gida da tallafin gida, amma sai wani kamfani na Landan ko Amurka ya ɗauke su kafin sunansu ya zagaya duniya.

Baƙi da 'yan asalin ƙasa

Kyautar Polaris, da aka fara bayarwa a 2006, na daga cikin ma'aunan da ake gane mawaƙa masu tasowa da su. 'Yan jarida da masu gabatar da shirye-shirye ne ke zaɓen kundin da ya fi inganci, ba tare da la'akari da yawan cinikinsa ba. An fara ta da dalar Kanada dubu 20, aka kai ta dubu 50 a 2015.

Jerin waɗanda suka lashe ta ya nuna yadda 'ya'yan baƙin haure suka sauya fasalin kiɗan. Kaytranada, haifaffen Haiti da ya girma a wajen Montreal, ya ci kyautar a 2016, sannan ya lashe kyaututtukan Grammy biyu a 2021.

Lido Pimienta, haifaffiyar Kolombiya, ta ci a 2017 da kundin La Papessa, wanda ta rera da Sifaniyanci ta kuma fitar da kanta.

A 2022 kyautar ta tafi ga Pierre Kwenders, haifaffen Kinshasa, wanda ke haɗa kiɗan rumba na Kongo da na na'ura, yana waƙa da harsuna da dama ciki har da Lingala. A 2023 kuma Debby Friday, wadda aka haifa a Najeriya ta girma a Montreal, ta lashe ta da kundinta na farko, Good Luck.

Kazalika 'yan asalin ƙasar na farko sun shigo fagen. Ƙungiyar A Tribe Called Red ta Ottawa, wadda ta sauya suna zuwa The Halluci Nation a 2021, ta haɗa ganguna da waƙoƙin bukukuwan gargajiya na al'ummominsu da kiɗan gidajen rawa.

Ƙalubalen da ke gaba

Babban sauyin da aka samu shi ne yadda masu sauraro, musamman matasa, suka koma manhajoji irin su Spotify da YouTube, waɗanda dokar kason rediyo ba ta shafa ba.

A 2023 majalisar dokokin Kanada ta zartar da dokar da ta sanya irin waɗannan kamfanoni ƙarƙashin ikon CRTC. A 2024 hukumar ta umarci manyansu da su ba da kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da suke samu a ƙasar domin tallafa wa ayyukan cikin gida, matakin da wasu daga cikinsu suka ƙalubalanta a kotu.

A 2024 ɗin ne kuma Spotify ya daina biyan kuɗi a kan duk waƙar da ba a saurara sau dubu ba cikin shekara guda, yayin da Amurka ta ƙara kuɗin takardar izinin shiga ga mawaƙan waje. Wannan ƙari ya fi yi wa masu tasowa nauyi, domin nisan da ke tsakanin biranen Kanada ya sa yawon wasa a cikin gida kaɗai ba ya cika riƙe mawaƙi.

A Montreal ma haya ta yi tsada, kuma wasu ƙananan gidajen wasa sun rufe, kamar Divan Orange a 2018, bayan ya sha fama da ƙorafin maƙwabta kan hayaniya da kuma matsin kuɗi.

Haɗa waƙa dai ya fi sauƙi a yau fiye da kowane lokaci a baya. Abin da ya ƙara wuya ga matashin da ke tasowa a Kanada shi ne samun ɗakin da zai iya biya, da dandalin da zai fara wasa, da kuma kuɗin shigar da zai ba shi damar ci gaba da sana'ar.