Kaset mai wasanni 9999999: tarihin gem ɗin da muka taso da shi

Idan ka yi yarinta a farkon shekarun 2000, akwai yiwuwar ka san akwatin nan na roba da ake jona wa talabijin ta bayan eriya, mai hannu biyu da bindiga, da kaset ruwan ɗorawa wanda aka rubuta masa cewa wasanni 9999999 ne a ciki. Namu na gida kamarsa ɗaya da PlayStation, sai ka ɗaga murfin faifai ka tarar ramin kaset ne. Sai da na girma na gane cewa abin da muke ta rigima a kansa ni da yayana fasahar shekarar 1983 ce, wato ta girme mu duka.

Asalin na'urar daga Japan take. Kamfanin Nintendo, wanda aka kafa a birnin Kyoto a 1889 yana buga katin wasa, shi ne ya fitar da ita ranar 15 ga Yulin 1983 da sunan Famicom, a kan yen 14,800. A daidai lokacin kasuwar gem ta Amurka tana rugujewa, saboda an cika ta da wasanni marasa inganci har 'yan kasuwa suka daina yarda da harkar. Shi ya sa da Nintendo ya kai ta can a 1985 sai ya canza mata siffa da suna, ta koma NES, kuma ya saka mata wani ɗan guntun lantarki mai aikin ɗan sanda: duk kaset ɗin da kamfani bai amince da shi ba, ba zai tashi ba. Famicom ta Japan ba ta da wannan makulli. Ka riƙe wannan a ranka, don ta nan labarin ya biyo ya iso gidajenmu.

Masana'antun Taiwan sun kwaikwayi ƙwaƙwalwar na'urar, daga baya aka dunƙule komai a guntu ɗaya mai arhar gaske. Tsarin Japan suka bi, mai haƙora 60 a bakin kaset, ba na Amurka mai 72 ba. Irin waɗannan kwafi su ne suka cika Rasha da sunan Dendy daga 1992, kuma danginsu ne suka iso kasuwanninmu. Nintendo ya daina ƙera Famicom a 2003, lokacin da PlayStation 2 ta riga ta yi shekara uku a duniya. Mu kuwa a lokacin ne ma muke cikin ganiyar yayinta.

To, ina wasanni miliyan tara da ɗoriya? Ka san amsar tun kana yaro, ka dai ƙi yarda ne. Wasannin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Sauran jerin maimaici ne: lamba ta 1 Mario, lamba ta 57 Mario ne dai amma an fara maka daga wani mataki na gaba, ko an ƙara maka rayuka, ko an canza launin sararin sama. Abin da jerin yake yi shi ne ya sauya 'yan lambobi a ma'ajiyar na'urar kafin wasan ya tashi. Ƙarya ce, amma ƙarya mai dabara.

Shi kansa Super Mario Bros., wanda Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa suka fitar a Satumbar 1985, girmansa kilobayit 40 ne kacal: 32 na umarnin wasan, 8 na zane. Hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka yau ya ninka shi sau da yawa. Ma'ajiyar aikin na'urar kuma kilobayit 2 ce. Wannan ƙunci shi ya tilasta musu tattali irin na uwar gida a ƙarshen wata. Koma ka duba hoton wasan da kyau: girgijen da ke sama da ciyawar da ke ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka canza. Hular Mario da gashin bakinsa ma sun samo asali ne tun wasan Donkey Kong na 1981, domin zana gashin kai da baki a 'yan ɗigogi kaɗan yana da wuya. Kuma babu wurin ajiye inda ka tsaya. Idan aka ɗauke wuta kana mataki na 8, sai dai ka yi salati ka koma farko.

Ga wani abu da ya ɗan taɓa ni da na fahimce shi. Talabijin ɗin Japan da Amurka suna sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, namu na tsarin PAL sau 50. Waɗannan wasanni da bugun hoton suke ƙirga lokaci, don haka a na'urar da aka yi wa talabijin irin namu, komai yana tafiya da jinkirin kusan kashi ɗaya cikin shida. Kiɗan Koji Kondo da kake rerawa a zuci, mai yiwuwa ba da saurin da ya tsara shi ka haddace ba. Ranar da na fara jin na asali, sai na ji kamar ana koran mawaƙin.

Bindigar harbin agwagwa kuwa, wato ta Duck Hunt, ita ce ta fi ba mu mamaki, har muna gardama ko wani haske take harbawa. Ba ta harba komai. Ido ne a cikinta, wani ɗan abu mai jin haske. Da ka ja kunama, allon zai yi baƙi gaba ɗaya na ƙiftawa ɗaya, sannan a zana farin akwati a daidai inda agwagwar take. Idan idon ya ga duhu sannan ya ga haske, ka samu. Idan bai gani ba, karen nan ya leƙo ya yi maka dariya. Baƙin allon na farko an sa shi ne don maganin masu wayon saita bindiga a ƙwan lantarki. Kuma, ko ka sani, a wasan agwagwa ɗaya mai riƙe da hannu na biyu yana iya juya ta? Yayana ya sani. Ni ban sani ba sai bayan shekaru.

Sai batun hura kaset. Kowa ya yi, kowa ya rantse yana aiki. Abin da ke gyara matsalar shi ne cirewa da mayarwa, domin haƙoran suna sake zama daidai. Iskar bakinka danshi take kai wa ƙarfen, wanda a hankali yake sa shi tsatsa. Mun yi ta maimaitawa ne saboda duk lokacin da ya tashi muna yaba wa hurawa, idan ya ƙi kuma sai mu ce ba mu hura sosai ba.

Littattafan tarihin gem yawanci suna kiran irin na'urarmu jabu su wuce. Ta fuskar doka haka ne, ban musa ba. Amma a ganina tarihin da ya tsaya a Tokyo da New York bai cika ba, tunda yara masu ɗimbin yawa a Afirka da Asiya da gabashin Turai ta wannan hanya suka fara taɓa kwamfuta, ko da ba su san kwamfuta ba ce. Kuma wannan ɓangaren ne ya fi saurin ɓacewa. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su yanzu. Waɗannan ma masu rajista ne, masu sunan kamfani a jiki. Namu ko sunan masana'anta babu a kwalinsa.

Kwanakin baya na tono namu a ɗakin ajiya, na samo adafta, na jona shi da talabijin ɗin zamani. Mario ya tashi. Bindigar kuwa ta ƙi, saboda shafaffen allo yana ɗan jinkirta hoto kafin ya nuna shi, farin akwatin yana zuwa bayan idon ya gama dubawa. Sai mai tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, kuma tamu an daɗe da sayar wa 'yan gwangwan.