Daga Kalangu Zuwa Fiyano: Yadda Rawa Ta Raba Kan Masu Sauraron Waƙar Hausa

A shekarar 1999 aka yi abubuwa biyu da suka sauya tarihin kiɗan Hausa. A watan Yuni Alhaji Mamman Shata ya rasu, bayan ya shafe fiye da shekara hamsin yana waƙa da kalangu. A shekarar ce kuma kamfanin Sarauniya da ke Kano ya fitar da fim ɗin Sangaya, wanda Ali Nuhu da Fati Mohammed suka fito a ciki. Waƙar fim ɗin ta cika kasuwa, ta shiga motocin haya da gidajen biki. Babu makaɗi ko ɗaya da ya rataya ganga a cikinta. Dukan sautin daga fiyanon Yamaha ya fito, kuma an tsara shi ne domin a taka rawa.

Tun daga lokacin masu sauraro suka kasu biyu, kuma har yau ba su gama haɗuwa ba.

Masu suka sun tsaya a kan abu uku. Na farko harshe. Wanda ya tashi da Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata ya saba da waƙar da ake zama a saurara, a tsinci azanci da habaici da tarihin gidajen sarauta. A wurinsa kiɗa bawan magana ne. Sabon salon kuwa, wanda daga baya aka riƙa kira nanaye, ya ɗora kiɗa a gaba, kalmomin soyayya suna biye. Na biyu asali. Tun shekarun 1960 finafinan Indiya suka mamaye sinimomin Kano, kuma kowa ya ga inda aka samo tsarin saurayi da budurwa suna amsa wa juna baiti suna zagaye bishiya. Na uku, wanda ya fi zafi, shi ne tarbiyya: namiji da mace suna rawa tare a gaban kyamara.

Masu so ba su yi dogon jawabi ba. Da kuɗinsu suka yi magana. 'Yan kasuwar kaset sun lura cewa fim mai waƙa da rawa ya fi tafiya, har ta kai ana sakin waƙoƙin kafin fim ya fito, domin su ne tallarsa. Wasila, na shekarar 2000, ya bi wannan hanya ya yi kasuwa. Mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, ta zama dandalin da ɓangarorin biyu suke fafatawa a shafin wasiƙu. Galibin masu sayen kaset matasa ne da matan aure da ke cikin gida, wato mutanen da waƙar fada da ta attajirai ba ta taɓa sa su a gaba ba. A nanaye suka ji ana magana a kan abin da ya dame su: so, kishi, auren dole, zaman kishiya.

Irin wannan saɓani ba a ƙasar Hausa kaɗai aka yi shi ba. Ƙungiyar mawaƙan Birtaniya mai suna Queen ta yi suna da kiɗan jita mai ƙarfi. A 1980 waƙarta Another One Bites the Dust, mai salon disko, ta kai matsayi na ɗaya a Amurka. Ganin haka sai ƙungiyar ta fitar da faifan Hot Space a 1982, wanda rabinsa kiɗan rawa ne da aka gina da na'ura. Tsofaffin masoya suka ce an yashe su. Faifan bai yi kasuwar da na baya ya yi a Amurka ba, kuma bayan rangadin wannan shekara Freddie Mercury bai sake zagaya ƙasar da ƙungiyar ba. A Landan da Kano ƙorafin iri ɗaya ne: na'ura ta kori hannun makaɗi, jiki ya karɓe wurin kunne.

Sai dai akwai babban bambanci. Abin da Queen ta yi hasara ciniki ne. A Kano maganar ta kai ga hukuma. A Disamban 2000, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, gwamnatin jiha ta dakatar da harkar fim, sannan a 2001 ta kafa Hukumar Tace Finafinai. A 2007, bayan wani abin kunya da ya girgiza masana'antar, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, ya kuma tsaurara ƙa'idoji kan waƙa da rawa. A watan Satumba na shekarar wata kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Adam A. Zango wata uku saboda faifan bidiyonsa na waƙoƙi mai suna Bahaushiya, bisa tuhumar sakinsa ba tare da izinin hukumar ba da kuma irin rawar da ke ciki. Mawaƙa da dama suka koma Kaduna da aiki.

Abin lura shi ne rawa ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. 'Yan mata sun daɗe suna gaɗa a dandali da farin wata, kuma daga amshin irin waɗannan waƙoƙi aka samo kalmar nanaye. Mata suna rawa da kiɗan ƙwarya a bikin aure da suna, inda Barmani Choge ta yi fice da amada. A ƙasar Zuru, bikin Uhola na Dakarkari, wanda ake yi bayan girbi, rawa ce ƙashin bayansa, kuma a nan ake shaida samarin da suka kammala aikin golmo a gonar surukai. Amma kowace daga cikin waɗannan raye-raye tana da wurinta, da lokacinta, da waɗanda aka yarda su kalla. Abin da kaset ya yi shi ne ya cire rawa daga wannan shinge, ya kai ta falo, inda uba da 'yarsa za su iya tarar da ita a akwatin talabijin ɗaya. Wannan ne tushen fushin, ko da yake da sunan kare harshe da al'ada aka fi bayyana shi.

Lokaci bai ba kowane ɓangare cikakkiyar nasara ba. Fiyano ya zauna daram: da shi ake waƙar siyasa, da shi sha'irai da yawa suke yabon Annabi, da shi ake yi wa sarakuna waƙa. Aminu Ala ya nuna cewa ana iya ɗora baiti mai nauyi a kan kiɗan na'ura, abin da ya raunana hujjar cewa fiyano ne ya kashe azanci. A ɗaya gefen kuma, makaɗan kalangu da kotso da taushi sun ragu ƙwarai, kuma 'ya'yansu kaɗan ne suka gaji sana'ar. Wannan hasara ce ta gaske, wadda masu suka suka hango tun da wuri.

A 2020, lokacin kullen korona, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta sa matan aure suna ɗaukar bidiyon kansu suna yi wa mazajensu rawa, suna sakawa a intanet. Malamai suka yi tir, matasa suka yi ta yaɗawa. Tambayar ita ce dai ta 1999: wa ya halatta ya ga rawar? Bambancin kawai shi ne a wannan karo babu ɗan kasuwar kaset da za a kama, domin kyamarar tana hannun mai rawar.